Katin bashi da makin tukwici: wanne ke bin ka ƙetare, wanne ke zama a baya?

Cikin wata guda mutum biyu na gidanmu suka kawo mini tambaya ɗaya, kowa ta inda ta dame shi. 'Yar wana, ma'aikaciyar jinya a nan Gombe, ta samu aiki a Ingila. Ta same ni a Tumfure bayan la'asar ta ce, "Baffa, shekara shida albashina na shiga banki ɗaya, sau biyu na ci bashi na biya ba latti. In na je can za su gani?" Shi kuwa Hamma, babbanmu, likita ne da ya shekara goma sha ɗaya a Birmingham, yanzu zai koma Saudiyya. Ya bugo yana tambaya ko ya rufe katunansa duka kafin ya tashi, da yadda zai yi da makin da ya tara a kansu. Da yake na yi shekaru a teburin ba da rance na wani banki, duk irin wannan ni ake turo wa.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai tarihin bashi, wato rajistar abin da ka taɓa ranta da yadda ka biya. Akwai kuma makin tukwici, wanda kamfanin kati ke ba ka duk lokacin da ka yi sayayya da katinsa. Na farko shaida ce a kanka, na biyu 'yar dukiya ce a hannun wani.

Mu fara da tarihin, don shi ya fi nauyi. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana ɗaukar atamfa bashi a Kantin Kwari yana kawowa Gombe, kira ɗaya zai yi a ɗora masa dila a mota. Ranar da ya sauka wata kasuwa inda ba a san fuskarsa ba, ko yadi biyar ba mai ba shi sai da kuɗi hannu. Mutumin bai canja ba, littafin da aka rubuta amanarsa ne bai biyo shi ba. Haka abin yake tsakanin ƙasashe. A Najeriya kamfanoni uku ke riƙe da wannan littafi, CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, ƙarƙashin dokar bayanan bashi ta 2017, kuma da lambar BVN ake gane mutum. A Amurka da Ingila Experian da Equifax da TransUnion ne. Kanada Equifax da TransUnion. Jamus na da Schufa, Saudiyya SIMAH, Daular Larabawa kuma AECB. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ganin suna ɗaya a ƙasa biyu. Experian ta Ingila da ta Amurka uwarsu ɗaya, amma rumbunsu daban, dokar da ke kansu daban. Wanda ya tashi daga Landan da tarihi fes ya sauka Houston, a idon bankin can jariri ne.

Kuma rashin tarihi ba ƙaramin abu ba ne a can. A nan mutum na iya rayuwa ya tsufa bai taɓa neman rance a banki ba, adashi da dangi sun ishe shi. A can mai gidan haya na dubawa, kamfanin waya na dubawa kafin ya ba ka layin biyan wata, mai sayar da mota na dubawa, balle ranar da za ka nemi sayen gida.

To, hanyoyin da ke gaban mai tashi ba su wuce huɗu ba, kuma ba kowa ke da damar bin kowacce ba.

Wadda kowa ke da ita ita ce a fara daga tushe. A Amurka akwai katin jingina: ka ajiye wa banki, a ce, dala 200, su ba ka kati mai iyakar dala 200, kana kashewa kana biya suna kai rahoto. Ma'aunin FICO, wato makin da bankunan Amurka ke auna amanarka ta biyan bashi da shi, wanda ke tafiya daga 300 zuwa 850, ba ya fitar maka da maki sai asusunka ya kai wata shida. Kashi 35 cikin 100 na makin daga biya kan lokaci yake, kashi 30 daga yawan abin da ake bin ka idan aka gwada da iyakar katinka, kashi 15 daga daɗewar tarihin, ragowar 20 a raba biyu tsakanin sababbin neman bashi da ire-iren bashin da kake da su. Wanda ya fahimci wannan rabon ya gane cewa ba wata dabara: ka biya kan lokaci, kada ka cika katin, ka yi haƙuri. A Ingila ana ba da ƙananan katunan gina tarihi masu ɗan iyaka da kuɗin ruwa mai zafi, sama da kashi 30 cikin 100 a shekara ba abin mamaki ba ne, shi ya sa ba a barin ko fam ɗaya ya kwana bayan ranar biya. Akwai kuma wata dama da 'yan Najeriya da yawa ba su sani ba. Bankunan Ingila na amfani da rajistar masu zaɓe wajen tabbatar da adireshin mutum, kuma ɗan ƙasar Commonwealth mai izinin zama yana da damar yin rajistar. Najeriya na ciki. Kyauta ne, mintuna kaɗan ne a intanet, kuma yana sa sunanka ya zauna da gindinsa. Kanada ta fi kowa sauƙi, don manyan bankuna irin RBC da Scotiabank suna da shirin sababbin zuwa, suna ba da kati ba tare da tarihin can ba. Aibin wannan hanya ɗaya ne, lokaci. Wata shida zuwa shekara kafin a fara ganin ka, shekaru kafin a ba ka babban abu.

Ta biyu ita ce gada. Wani kamfani mai suna Nova Credit, da aka kafa a Amurka a 2016, aikinsa ke nan: da izininka ya ɗauko rahotonka daga ƙasarku, ya juya shi zuwa ma'aunin da bankin sabuwar ƙasa ke ganewa. Najeriya na cikin ƙasashen da yake ɗaukowa, ta hannun CRC. American Express ta fara aiki da shi a Amurka a 2019, daga baya HSBC a Ingila da Scotiabank a Kanada suka shigo. Jerin masu karɓa yana sauyawa, don haka ranar da za ka nema ka duba shafin bankin da kansa.

Nan zan ɗan tsaya, don nan ne na fi ganin an yi wa abin mummunar fahimta. Gadar ba ta kwashe tarihinka ta zuba a rumbun Ingila ba. Banki ɗaya ne ya leƙa, sau ɗaya, don yanke shawara kan buƙata ɗaya. In ya ba ka katin, daga ranar ne tarihinka na can zai fara ƙirga. Ribar ita ce ka fara da katin kirki maimakon na jingina. Sannan gada abin da ke akwai take ɗaukowa, ba ta ƙirƙira. Yawancinmu a nan abin da muke kira kati, katin ATM ne, Verve ko Mastercard ko Visa, kuɗinka kake cira. Shekara goma kana amfani da shi bai rubuta maka komai a littafin bashi ba. Shigar albashi ma ba bashi ba ne. Abin da ke bayyana shi ne rancen albashi, rancen mota, bashin manhajojin waya masu kai rahoto, da makamantansu. Kuma gada ba ta tace mai kyau ta bar maras kyau. Wanda ya karɓi rancen korona na 2020 ta bankin NIRSAL ya ɗauka rabon gwamnati ne, ko ya ci naira dubu ashirin a wata manhaja ya goge ta daga wayarsa, ya sani cewa goge manhaja ba ya goge bashi. Tun Agustan 2020 ma akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ke ba mai bin bashi damar cirar kuɗinsa daga duk asusun da ke ɗauke da BVN ɗinka.

Saboda haka abin da na ce wa 'yar wana shi ne, kafin ta sayi akwati ta nemi rahotonta. Doka ta ba kowa damar karɓar nasa kyauta sau ɗaya a shekara. Ta karanta shi layi-layi. Na sha ganin rancen da aka gama biya tun tuni yana nan a rubuce kamar ana bin mutum, don wani ma'aikaci bai rufe shi a kwamfuta ba. Gyara wannan kana Gombe tafiya ce zuwa reshe da takardar shaidar kammala biya. Gyara shi daga Manchester kuwa sai wanda ya gwada.

Ta uku ita ce bin kamfani ɗaya daga ƙasa zuwa ƙasa. American Express na da tsarin da in kana da katinta a wata ƙasa, ka riƙe shi aƙalla wata uku ba matsala, kai ne mai katin ba wanda aka rataya ba, za ta duba zamanku ta ba ka sabon kati a ƙasar da ka koma. HSBC ma na yi wa abokan hulɗarta irin wannan tsakanin ƙasashen da take da rassa. A ganina wannan ta fi gada ƙarfi, don ba baƙo ke karanta takardarka ba, wanda ya san ka ne. Sai dai ga mai tashi daga Gombe ko Bauchi kusan a rufe take. HSBC ba ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane asusu a Najeriya, kuma katin da wani kamfani ya fitar da tambarin American Express bisa lasisi ba ɗaya yake da wanda ita ta fitar da hannunta ba. Hanyar masu tashi daga Ingila zuwa Amurka ce, ko Kanada zuwa Ostareliya. Wanda ya san Ingila zango ce gare shi, Amurka ya nufa, zai yi wa kansa gata in ya buɗe irin wannan kati shekara guda kafin tafiya ta biyu.

Ta huɗu ba ɗauka ba ce, bari ne: a bar tsohon kati a buɗe. Nan maganar Hamma ta shigo. Na ce masa, "Hamma, ku fara gaya mini, kun bar Ingila ke nan har abada, ko akwai yiwuwar komawa?" Ya yi shiru, ya ce yara biyu na jami'a a can. To, amsa ta fito. A Ingila asusun da aka rufe yana zama a rahoto shekara shida sannan ya ɓace. A Amurka mai kyau yana iya kai wa shekara goma. Wanda ya rufe komai ya yi shekara bakwai a Riyadh ya koma, zai tarar da allonsa a wanke, shekara goma sha ɗaya ta tafi a banza. Da tsohuwar zuma ake magani. A bar kati ɗaya, mafi daɗewa, wanda ba a biyan kuɗin shekara a kansa, a ɗora masa wani ƙaramin biyan wata, a sa banki ya riƙa cirewa da kansa daga asusu.

Amma tana da ƙaya. Bankuna da yawa na sharɗanta zama a ƙasar, wasu in ka gaya musu ka tashi za su rufe. Kada a ɓoye musu a bar adireshin aboki kamar nan ake kwana, a tambaya, in wannan bai yarda ba wani zai yarda. Katin da aka daina taɓawa kuma su da kansu suke kashe shi. In za a yi sayayya da shi a waje, yawanci akwai cajin kusan kashi 3 cikin 100 na canji. Babban haɗarin shi ne mantuwa: fam goma sha biyu ta maƙale, wasiƙa na zuwa gidan da ka bari, lambar wayar da suke turo saƙo ta mutu. Tabon rashin biya shekara shida yake yi a Ingila, bakwai a Amurka. Wanda ya san ba zai iya leƙa manhajar banki sau ɗaya a wata ba, gara ya biya ya rufe ya karɓi takarda.

A Saudiyya da Dubai kuwa ba a cika tambayar tarihin wata ƙasa ba. Iƙama, takardar wurin aiki, da shigar albashi, su ne ke buɗe ƙofa. Likita ba zai sha wahalar samun kati ba. Wahalar a fita take. Asusu a ɗaure yake da izinin zama, kuma bashin da ba a biya ba yana iya kai wa kotu ta hana mutum fita. Mai barin can ba shi da zaɓin barin kati a buɗe kamar na Ingila: a biya, a rufe, a karɓi takardar wanke kai.

Ba zan wuce ba ban taɓo abin da na san yana ran mai karatu ba, wato riba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC, a zamanta na Riyadh a 2000, ta ce bai halatta a yi hulɗa da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka sun yi sassauci saboda buƙata, bisa sharaɗin a biya duka kowane wata. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya ƙarawa ta fuskar aikina shi ne, kati ba shi kaɗai ke gina tarihi ba. A Ingila layin waya na biyan wata yana shiga rahoto, akwai kamfanoni irin CreditLadder da ke kai rahoton biyan haya, ga rajistar zaɓe. A Amurka Experian Boost na ƙirga biyan wuta da waya, kodayake ba kowane mai ba da bashi ke kallonsa ba. Tafiyar ta fi jinkiri, amma ana isa. A ƙasashen Larabawa kuma bankunan Musulunci na da katunansu.

Sai makin tukwici. Ƙa'ida ɗaya ce ta warware kusan komai: a ina makin yake kwance? In a wurin banki yake, kamar Membership Rewards na American Express ko Ultimate Rewards na Chase, rayuwarsa na ɗaure da katin. Ka rufe katinka na ƙarshe, ya bi ruwa. In kuwa ya riga ya shiga asusunka na kamfanin jirgi ko otal, ya zama naka a ko'ina kake, ba ruwansa da ƙasar da ka koma. Saboda haka jerin aikin ba ya canjawa: a kwashe maki tukuna, a ga ya sauka, sannan a rufe kati. Na san wanda ya juya wannan jeri, ya rufe da safe ya tuna da yamma.

Abin da ake iya yi da makin iri uku ne. Ana iya mayar da shi kuɗi a rage bashin katin ko a yi sayayya. Ita ce mafi sauƙi, kuma galibi ita ce mafi ƙarancin daraja, amma in makin kaɗan ne, bai kai tikiti ba, kada a wahalar da kai, a kashe shi a wuce. Ana iya barin sa inda yake in za a bar katin a buɗe, sai dai katunan da ke tara maki sosai su ne masu kuɗin shekara, kuma biyan, a ce, dala 95 duk shekara don gadin makin da bai fi na dala 200 ba asara ce a fili. Sannan ana iya tura shi kamfanin jirgi, wanda shi na fi so ga mai maki da yawa.

Amma wane jirgi? Ba wanda ya fi suna ba, wanda ke sauka inda kake zuwa. Mu nan in ba ta Abuja ba, ta Kano muke fita. Qatar Airways na zuwa Abuja da Kano, kuma tun 2022 ta koma amfani da Avios, makin da British Airways da Iberia da Aer Lingus ke amfani da shi, ana iya matsar da shi tsakanin asusun British Airways (BA) da na Qatar. Ga wanda iyalinsa ke rabe tsakanin Ingila da yankin Larabawa da Gombe, irin Hamma, ban ga abin da ya fi wannan ba. Ethiopian da EgyptAir da Turkish da Lufthansa duk 'yan ƙawancen Star Alliance ne, makin ɗaya na iya sayen kujera a ɗaya. Saudia kuwa tana SkyTeam tare da Air France da KLM. Sai a lura da ranar mutuwa. Avios na BA yana nan muddin an motsa asusun sau ɗaya cikin wata 36. Na Emirates da na Turkish kuwa kusan shekara uku suke yi daga lokacin da aka same su. Na kamfanonin otal Marriott da Hilton kuwa suna mutuwa bayan wata 24 na rashin motsi. Makin da aka tura wa kamfanin jirgi kuma ba ya dawowa, in ya tafi ya tafi, don haka a fara duba cewa akwai kujerun maki a hanyar da ake so, musamman lokacin Umarar azumi da hutun Disamba. Tikitin maki ma ba kyauta ba ne, haraji da cajin kamfani da kuɗi ake biya, kuma tashi daga Landan harajinsa na da nauyi.

Wani abu da ya fi cin mutanenmu shi ne suna. Ba a tura maki sai sunan da ke katin ya yi daidai da na asusun jirgin. Mu kuwa mutum ɗaya Muhammad ne a fasfo, Mohammed a BVN, a wata takardar sunan garinsu, Kumo ko Dukku ko Bajoga, shi ne sunan ƙarshe, a wata kuma sunan mahaifi. Wannan saɓanin yana hana maki tafiya, yana kuma iya hana gadar nan gano rahotonka. A daidaita komai da fasfo tun ana gida.

Ga yadda na yanke musu. Ita 'yar wana, ta karɓi rahotonta na CRC, ta gyara abin gyara, in ta isa ta yi rajistar zaɓe, ta buɗe asusu, ta gwada gada sau ɗaya a bankin da ke karɓa tunda tarihinta mai kyau ne. In bai yiwu ba ta bi ta tushe, kuma kada ta yi ta cika takardun neman kati barkatai, don kowane nema yana barin sawu a rahoto. Ta yi amfani da shafukan gwajin cancanta da ba sa barin sawu. Asusunta na nan kada ta bari ya yi barci, don shekara guda ba motsi banki zai kulle shi, kuma layin wayar da ke haɗe da BVN ɗinta ta riƙa sa masa kati, kada kamfani ya sayar wa wani. Shi kuma Hamma, ya tura makinsa Avios, ya jira ya ga sun shiga, ya rufe katin mai kuɗin shekara, ya bar tsohon nan da ya buɗe tun zuwansa bayan ya sanar da bankin sabon adireshinsa, ya sauke rahotonsa daga Experian da Equifax da TransUnion ya adana. Ya ce lambar Ingilar fa, ya ci gaba da biya? Na ce ku mayar da ita mafi arhar tsari ku bar ta a waya ta biyu, don ta nan lambar sirrin shiga manhajar za ta riƙa zuwa.